Taku Uku Daga Hancin Nea Ilarie

Nea Ilarie, wato Baba Ilarie a yarenmu, ya shigo shagona da sukudireba a hannun dama, fuskarsa a hannun hagu. Ya dangwarar da ita a kan tebur har kwalbar birona ta yi tsalle.

"Duba nan, 'yar Pompiliu. Duba da kyau, ki gaya mini ko wane ne wannan."

Hoton tangaran ne mai siffar ƙwai, irin wanda ake mannawa a jikin dutsen kabari, ga ragowar siminti nan a gefensa. Ni na ɗauki hoton mako uku da suka wuce. Na gane hular, jar hula ce ta shugaban tashar jirgin ƙasa. Na gane maɓallan kwat. Amma tsakanin hula da maɓallai babu komai sai hanci. Hancin ne ya riga kowa zuwa, ya zauna ya miƙe ƙafa, sannan idanu biyu suka leƙo ta bayansa kamar masu jiran a ce su shigo. Kunnuwa kam ba su samu halarta ba.

"Kai ne, Nea Ilarie."

"Me kika ce?"

"Na ce kai ne." Sai da na ɗaga murya, don shekara talatin da takwas na usur da rugugin jirgi sun tafi da kunnensa na hagu, na daman ma rabi suka bar masa.

"Ni ne wannan dankalin? Da safen nan na je ba furannin Anghelina ruwa, na tarar da tsofaffin zawarawa uku a gaban dutsenmu, sun rirriƙe juna kada su faɗi. Ɗaya ta yi alamar gicciye, ta ce Allah ya jiƙan hancin, mai shi kuma in an gan shi a sanar da su."

Na cije leɓe. Ban yi dariya ba, amma da ƙyar.

Kamar duk wanda ya haura saba'in a garinmu, Nea Ilarie ya gama da maganar dutsensa tun yana kan ƙafarsa. Dutse ɗaya ne na mutum biyu. A hagu sunan matarsa, Tanti Anghelina, wato Inna Anghelina, da shekarar zuwanta da ta tafiyarta, da hotonta. A dama sunansa da shekarar haihuwa, da ɗan layi, sai fili yana jira. Hotonsa kaɗai ya rage, shi ma jiya aka manna.

Ƙofa ta sake buguwa. Gligor mai sassaƙa dutse ne, gashin bakinsa fari fat da ƙura, yana haki.

"Oti, kin ga abin da ya yi mini? Aikin da na manna jiya-jiyan nan. Da sukudireba fa. Ya bar mini rami a dutse kamar gurbin haƙori."

"Gara ramin," in ji Nea Ilarie, wanda kunnensa ke warkewa duk sanda aka zo kan abin da yake son ji. "Ranar Lahadi Anghelina ke cika shekara da rasuwa. Fadan coci zai zo kabari, yaranmu za su zo daga Italiya, rabin gari zai zo cin alkamar sadaka. Su tsaya su dubi matar da ta fi kowa kyau a tasha, su waiga dama su ga wannan? Su ce da abin da ta yi shekara arba'in da tara ke nan?"

Muryarsa ta ɗan karye a ƙarshe, ya rufe da tari.

Gligor ya dubi agogon bango. "Masu gasa tangaran a birni sau ɗaya suke kunna tanderu a mako. Yau Alhamis, sha biyun rana. In sabon hoto ya shiga kwamfutarsu kafin su rufe murfi, zai zo a bas ɗin Asabar in manna shi. In bai shiga ba, ranar Lahadi fada zai yi wa rami addu'a."

Sha ɗaya saura kwata.

Laifina ne, ba sai an gaya mini ba. Zamanin babana shagon nan dogo ne kamar taragon jirgi. Bara mai ginin ya ja bango a tsakiya, ya ba masu sayar da magani rabin baya, aka bar ni da ɗan akurki. In mutum ya zauna gaban labule ni kuma na tsaya, ƙofa na taɓa bayana. Ga hoton katin shaida ba matsala, kai kawai ake so. Amma Nea Ilarie ya ce sai hula ta fito, da maɓallai shida, da sarƙar agogo. Ranar kuwa ana tafka ruwa, babu halin buɗe ƙofa in ja da baya. Sai na ɗaura wa kyamara gajeren gilashi mai milimita ashirin da takwas, wanda nake ɗaukar taron biki da shi. Shi gajeren gilashi yana kwaso abu da yawa, amma in mutum ɗaya kake so ya cika hoto sai ka matso dab da shi, kuma duk abin da ya fi kusa da kyamara shi ke cinye rabon sauran. A fuskar ɗan Adam kuwa hanci ne ɗan gaba. Ƙari a kan haka, na ce masa ya ɗaga haɓa, bai ji ba, ya miƙo wuya yana cewa "Me?" daidai lokacin da na danna. Ranar ya manta tabaransa a gida. Ya leƙa allo ya ga jan abu a sama, ya ce hula ta fito, shi ke nan. Ni na ga hancin. Na ce wa raina in an gasa zai ragu, kamar dai nama.

"Za mu sake," na ce. "Yanzu-yanzu."

"Da wane gilashi kika yi mini wannan aika-aika?"

Na ɗauko daga kanta na miƙa masa. Ya juya shi a tafin hannu, bai fi kofin shayi ba.

"Ashe. Ɗan wada ne." Ya bi kanta da ido har ya kai kan farin gilashin da nake ɗaukar wasan ƙwallo da shi, dogo kamar bututun murhu. "Wancan fa, nawa ne lambarsa?"

"Ɗari uku. Amma ba na wannan aikin ba ne, Nea Ilarie. Akwai na babana mai tamanin da biyar, shi ne daidai da fuska."

"Ashirin da takwas ya ba ni wannan hanci. Ɗari uku ya ninka shi sau goma da 'yan kai. Ke nan hanci zai ragu sau goma. Shekara talatin da takwas ina tsara lokutan jirage, yarinya, ba ke za ki koya mini rabawa ba."

"Ba haka yake aiki ba."

"Me?"

"Na ce ba haka yake aiki ba."

"Ba na ji," in ji shi, ya zauna a kujera ya gyara hula.

Da wane baki zan yi gardama, ga aikina a kan tebur yana kallona da hanci? Na sungumi dogon gilashin.

"Gligor, kira masu gasa tangaran nan. Riƙe mini su a waya, ko da labarin kakarka ne."

"Madam Veturia ce ke ɗauka. Ba ta son surutu."

"To yau za ta koya."

Na buɗe ƙofar shago na tokare ta da bokiti, na kunna fitilu, na fara ja da baya ido a kyamara. A bakin ƙofa, hancin kaɗai nake gani, ya cika mini ido kamar wata ɗan daren sha huɗu. A gefen titi na samu ido ɗaya. A tsakiyar titi hula ta shigo, wata mota kuma ta kusa shiga da ni. Sarƙar agogo ba ta bayyana ba sai da na tsallaka titin gaba ɗaya, na shige gidan burodin Tanti Zamfira da baya, na ci karo da buhun fulawa.

Tanti Zamfira ƙawar marigayiya ce tun suna 'yan mata. Ta dubi gilashin, ta dube ni, ta ci gaba da murɗa burodin zobe a kan katako.

"An fara yaƙi ne ba a gaya mini ba?"

"Nea Ilarie zan ɗauka, Tanti."

"Daga nan? Cizo yake yi yanzu?" Ta kaɗe hannu a jikin riga. "Maganar hancin ce, ko? Tun ƙarfe takwas labari ya iso ni. Zawarawan nan sun zo sayen burodi suna share hawaye, ɗaya har ta manta jakarta."

Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku tsakanin buhuna. Can ƙetaren titi, cikin hasken shagona, ga Nea Ilarie zaune kamar waliyyi a bangon coci. Sai dai Alhamis ranar kasuwa ce. Da na daidaita shi sai motar kabeji ta shiga tsakani. Ta wuce, keken doki ya maye gurbinta. Bayansa wata mata ce da agwagi biyu a kwando.

"Haka za mu kai Lahadi," in ji Tanti Zamfira. Ta ɗauki dogon katakon da take zaro burodi da shi daga tanderu, ta fita tsakiyar titi ta gitta shi. Motoci suka tsaya cak ta kowane ɓangare. Ba wanda ya yi oda. Duk garin nan babu wanda bai ci bashin alherinta ba yana ɗan makaranta, babu kuma wanda bai ɗanɗani katakon nan ba.

"Ɗaga haɓa kaɗan," na ƙwala daga cikin buhuna.

Ko motsi.

"Ilarie, ta ce ka ɗaga haɓa," in ji Tanti Zamfira daga tsakiyar titi.

Direban motar kabeji ta biyu ya leƙo ta taga. "Nea Ilarie, haɓa ake magana."

"Ku ce masa ya saki kafaɗa," na ce.

"Kafaɗa, Nea, kafaɗa."

"Ya yi murmushi mana, ai ba yau za a binne shi ba," in ji mai agwagi, wadda ta dawo kallo.

Nea Ilarie dai bakuna ya ga suna motsi, hannuwa suna tashi sama, titi guda yana yi masa alama. Sai ya yi abin da ya saba yi in jirgin manya zai ratsa tasha: ya miƙe baya kamar an saka masa sanda, ya datse muƙamuƙi, ya zare ido. Na danna sau biyar. Biyu kan doki ya shiga, ɗaya wani mai keke. Biyu suka tsira.

Sha ɗaya da minti ashirin da biyar muka taru gaban kwamfuta. Yau ma bai zo da tabarau ba, fushi ya fito da shi, sai Tanti Zamfira ta cire nata mai ruwan hoda da 'yar sarƙa ta rataya masa.

Hanci ya ragu, wannan ba ƙarya. Ya koma ya lafe kamar yaron da aka tsawata wa. Amma daga nesa irin wannan babu abin da ke gaban wani, hanci da kunci da kunne duk sahu ɗaya suke tsayawa. Fuskar ta baje kamar faranti. Kunnuwan da suka ƙi zuwa a hoton farko sun zo yanzu su biyu, buɗe, kamar hannayen tukunya. Wuya da kumatu sun haɗe sun zama abu guda.

Ya daɗe yana kallo.

"Wannan Haralambie ne," in ji shi.

Tanti Zamfira ta sunkuyo, ta ƙanƙance ido. "Shi ne kuwa. Har da wuyan."

Haralambie ƙanensa ne, kuma shekara ashirin da biyu ke nan ba su gaisa ba, a kan wata bishiya da ta tsiro daidai kan iyakar gonarsu.

"Anghelina ko sunansa ba ta yarda a kira a kan teburinta," in ji Nea Ilarie. "In na kwantar da ita kusa da shi har tashin ƙiyama, ai tun kafin lokaci za ta tashi."

A lungu Gligor na tsugune da waya a kunne, zufa na yanka hanya cikin ƙurar fuskarsa. "To gwiwar fa, Madam Veturia? Ta hagu ce ko ta dama? Kin gwada ɗaura ganyen kabeji? Mahaifiyata da shi ta kai casa'in." Ya toshe wayar da tafi. "Oti, ta ce sha biyu daidai. Ta ce matattu goma sha bakwai ne a tire suna jira, ba za ta tsayar da su saboda mai rai ɗaya ba."

Nea Ilarie ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. In ba a coci ba, ban taɓa ganin kansa a waje ba. Ɗan ƙaramin kai ne, da farin gashi kwance kamar na jariri.

"A bar ramin kawai," in ji shi a hankali. "Kusa ba daidai, nesa ba daidai. Wataƙila fuskar ce ba ta hotuwa. Ita ta san yadda nake, ya isa."

Na ja kujera na zauna ta wajen kunnensa na dama.

"Nea Ilarie, saurare ni, kuma kada ka ce ba ka ji. Ba gilashi ke girmama hanci ko rage shi ba. Inda mai hoto ya tsaya ne. Gilashi tilasta mini kawai yake in tsaya nan ko can. Karon farko na tsaya inda likitan haƙori ke tsayawa. Karo na biyu na tsaya inda mai leƙen asiri ke tsayawa. Cikin waɗanda za su zo ranar Lahadi, wa ya san ka daga ɗayan wuraren nan?"

Wannan karon bai ce "Me?" ba.

"To ita daga ina ta san ka?"

"Daga tagar tikiti mana," in ji Tanti Zamfira, kamar an tambayi sunanta. "Shekara talatin tana zaune bayan tagar nan, shi kuma yana tsaye gindin agogon tasha yana kumbura ƙirji. Kullum na kai mata burodi sai na tarar ta leƙo kai: 'Ilarie, hularka.' 'Ilarie, takalminka.' Mutane na layi suna jiran tikiti, ita tana gyara miji."

"Taku nawa ne daga tagar zuwa agogon?"

"Uku," suka ce tare.

Na jawo aljihun tebur na ƙasa. Gilashin babana na nan naɗe cikin tsohon ƙyallen wuya, baƙin ƙarfe, fentin gefensa ya goge har farin ƙarfen ya fito. Tamanin da biyar. Tun da aka ja bangon nan ban taɓa shi ba, don a cikin akurkina ba ya ganin komai sai gira. Ba ya daidaita kansa, da hannu ake murza shi.

"Da wannan babana ya ɗauki hoton Tanti Anghelina da ke kan dutse," na ce.

Nea Ilarie ya dube shi yadda ake duban tsohon abokin aiki. Ya mayar da hularsa.

"Tamanin da biyar," in ji shi. "Ba lissafi a ciki, amma a gwada."

Sha biyu saura kwata. Ya koma kujerar gaban labule. Tanti Zamfira ta jingina katakonta, ta tsaya a gabansa, ta auna taku: ɗaya, biyu, na ukun ya fitar da ita ƙofa ya ajiye ta a kan daɓen gefen titi. A nan na tsaya, diddigena a bakin kwata. Masu cefane suka riƙa kewaye ni suna leƙen cikin shago.

Da na sa ido a kyamara sai na ga mutum. Hula ta shigo, maɓallai shida, sarƙar agogo, duk ba tare da na roƙe su ba. Labulen baya ya narke ya zama toka-toka mai laushi. Hanci na gaba, kunnuwa na baya, kowa a gidansa. Sai dai mai fuskar ya ƙi zama a cikinta. Ya cusa haɓa cikin kwala, ya karkata kai, ya riƙe numfashi.

"Kada ka ɓoye shi, Nea Ilarie." Daga nan yana jina in na ɗaga murya.

"Ba ɓoye shi nake ba. Ajiye shi nake a gefe."

"Dawo da shi tsakiya."

Ya dawo da shi, amma da fuskar wanda za a yi wa allura. Na danna, ban ji daɗi ba. Na sake, haka.

"Yi tunanin wani abu mai daɗi."

"Ina zaune ana ɗaukar hoton kabarina, ga rabin kasuwa na kallo. Ba ni misali."

"Ka tuna ranar da ka faɗa ramin toka da sabuwar kwat," in ji Tanti Zamfira.

"Wannan ke ya yi wa daɗi, Zamfira."

Daga lungu muryar Gligor ta fara dushewa. "A'a, ban taɓa aure ba, Madam Veturia. Aiki ne ya yi yawa. E, gidan nawa ne. Da 'yar gonar inabi a baya."

Sha biyu saura minti goma sha ɗaya. Sai daga gangaren gari, ta bayan masana'antar katako, jirgi ya yi kuka.

Kunnen da ba ya jin mutane bai taɓa rasa jirgi ba. Hannun Nea Ilarie ya tafi aljihu da kansa, ya zaro agogo, ya buɗe murfin da babban yatsa.

"Na sha ɗaya da arba'in da uku ne," in ji shi. "Ya makara da minti shida."

Ya ɗago ya dube ni, gira ɗaya a sama, gefen baki ya ɗan karkace, kallon mutumin da aka sake tabbatar masa cewa tun da ya bar aiki ba a ƙara iya komai ba. Na murza gilashi kaɗan har ƙwayar idonsa ta fito tar, na danna. Sau ɗaya tak. Kafin in sake ya tuna da hancinsa.

Muka koma gaban kwamfuta, wannan karon har da mai agwagi a bakin ƙofa. Ya gyara tabarau mai ruwan hoda, ya matso da fuska.

"Har yanzu babba ne."

"Naka ne, Ilarie," in ji Tanti Zamfira. "Da shi ka zo neman aurenta. Ya riga ka shiga gidansu da minti guda, kuma ba a kore shi ba."

"Ba za a iya ɗan aske shi a cikin injin nan ba? Jikata ta ce ana yi."

"Ana yi," na ce. "Minti biyu zai ɗauke ni. In kana so zan yi. Amma bari ka fara ganin wani abu."

Hoton Tanti Anghelina na cikin kwamfutata tun bara da na shirya shi don dutsen. Na buɗe shi a hagu, nasa a dama, yadda za su zauna. Ita tana da shekara hamsin da wani abu, gashinta a naɗe, ta ɗan juyo kamar an kira ta tana tsakiyar magana. Gilashi ɗaya, nisa ɗaya. Kai ka ce a ɗaki ɗaya suke, ta gama faɗin wani abu shi kuma yana shirin musawa.

Mai agwagi ta miƙo wuya daga bakin ƙofa don ta gani.

"Oti," in ji Gligor a shaƙe. "Minti huɗu. Kuma ta fara tambayar ko ina cin yaji."

Nea Ilarie bai juya ba. Ya kai yatsa kusa da allon, ba wajen hanci ba, can sama.

"Hular ta karkace."

Gaskiya ne. Ta ɗan zame hagu sanda ya sunkuya duba agogo.

"In gyara ta? Ko in sake ɗauka da sauri?"

"A'a." Ya cire tabarau ya miƙa wa mai shi ba tare da ya dube ta ba. "Bar mata abin da za ta yi magana a kai. Aika shi haka, da hancin da komai."

Na aika. 'Yar alamar ta yi ta juyi a allo, ta juya, ta juya, muna tsaye kanta mu huɗu kamar masu jiran haihuwa. Gligor ya manne waya a kunne, ido rufe. Can ya buɗe.

"Ya shiga. Ta ce ta sa shi a tire, na goma sha takwas. Ta ce kyakkyawan tsoho ne, wai Allah ya jiƙansa."

"Ka ce mata ba gaggawa," in ji Nea Ilarie.

Gligor ya kashe waya ya zube a kan kujerar masu hoto. "Kuma ranar Asabar ba a bas zai zo ba. Da kanta za ta kawo shi. Wai tana son ganin gonar inabin." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Gindi huɗu ne fa kawai. Biyu sun bushe."

"Sai ka je ka ba su ruwa," in ji Tanti Zamfira. "Ku taso, burodina na ƙonewa saboda ku. Ilarie, kai za ka ci mai gishiri ko haƙoran ma sun yi ritaya?"

"Me?"

"Ka ji ni sarai."

Suka tsallaka titi su uku, Nea Ilarie a gaba, ya ɗaga wa wata mota hannu ta tsaya masa. Na ɗauke bokitin da ke tokare da ƙofa, na kashe fitilu, na fara goge fulawa daga jikin dogon gilashin.

Ban ji shigowarta ba. Da na ɗago tana tsaye gaban tebur, doguwar mace cikin kwat mai ruwan toka, takalmanta duk jan taɓo irin na ƙauyukan kan tudu. Ban taɓa ganinta ba, ni kuwa babu fuskar garin nan da ba ta bi ta gaban labulena ba.

"Ke ce kika tsayar da titi ɗazu?"

"Ni ce. A yi haƙuri in an tsare ki."

"Ba ƙorafi na kawo ba." Ta nuna dogon gilashin da haɓa. "Wannan, daga nisan taku nawa yake iya kamo fuskar mutum a gane shi?"

"Ya danganta. Hoton mene ne?"

"Na dutsen kabari. Na mijina."

"Allah ya jiƙansa. In kina da wani tsohon hotonsa, zan iya gyara shi."

"Lafiyarsa ƙalau, yanzu haka yana can yana faskare. Hotonsa kuwa babu ko ɗaya a duniya, ko na ranar aurenmu bayansa ya juya. Na riga na sa an sassaƙa dutsen, gefena ya cika, nasa na jira." Ta ajiye makullin mota a kan tebur, ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. "Kada ya sani. Yana da karnuka huɗu, ba ya ɗaure su. Mai hoton da na ɗauko daga birni bara, takalminsa ɗaya na nan rataye a shingenmu."

Ta dubi ƙafafuna, sannan ta dubi fuskata.

"Kina iya gudu da wannan abu a kafaɗa?"